Kolestarol, ƙwayoyin garkuwar jiki da bitamin E: bincike ya gano bakin zaren cutar taurin jijiyar jini, maganin da aka sa wa rai ya ci tura

A watan Yulin 2002 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da masana na Jami'ar Oxford suka jagoranta a Birtaniya. Mutum 20,536 aka bi diddiginsu tsawon shekara biyar, dukkansu masu haɗarin ciwon zuciya. Wasu sun taɓa samun bugun zuciya, wasu na fama da ciwon suga, wasu kuma jijiyoyin ƙafafunsu sun tsuke. Abu biyu aka gwada a lokaci guda: ƙwayar simbastatin mai rage kolestarol, da haɗin bitamin E da bitamin C da sinadarin beta-karotin, waɗanda ake kira antioksidan, wato masu hana iskar oksijin lalata abu. Ƙuri'a ce ta raba masu shan magani na gaske da masu shan holoƙon ƙwaya, kuma daga majinyaci har likitansa babu wanda ya san abin da ke cikin kwalbar. Da aka zo lissafi, masu shan simbastatin sun samu ragin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da aikin buɗe jijiya. Masu shan bitamin kuwa, bitamin ɗin ya hau a jininsu yadda ake so, amma ciwo da mutuwa sun same su daidai da yadda suka samu waɗanda ba su sha ba.

Wannan sakamako ya yi wa masana ciwo, domin ba 'yan tallan magani a bakin tasha ne suka kawo zancen bitamin E ba. Shekara ashirin na aikin ɗakin gwaji mai inganci ne ya kai mutane ga sa rai. Sai an san wannan aikin za a fahimci inda aka yi daidai da inda aka yi gaggawa.

Kolestarol ba baƙo ba ne a jiki. Jiki da kansa ke haɗa mafi yawansa, kuma da shi ake gina bangon kowace ƙwayar halitta, da shi ake yin ruwan matsarmama mai narkar da maiƙo, da sinadaran balaga na maza da mata. Maiƙo ne, ba ya narkewa a jini, saboda haka jiki ke ɗaure shi cikin wasu ƙananan ƙunshi na furotin da mai. Wanda ya fi ɗaukarsa shi ne ake kira LDL. Tun a 1913 wani likitan Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol a birnin Saint Petersburg, ya ga bangon jijiyoyinsu ya cika da tarin maiƙo irin na mutane. Likitoci da yawa suka yi biris da shi, suka ce ai zomo ciyawa yake ci, ba a auna mutum da shi. Sai da binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara a 1948, ya nuna cewa masu yawan kolestarol a jini sun fi kamuwa da ciwon zuciya, sannan aka dawo kan maganarsa.

A farkon shekarun 1970 wasu likitoci biyu a Dallas, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka duƙufa kan wata cutar gado da ke sa kolestarol ya yi mummunan hawa. Yaron da ya gaje ta daga uwa da uba zai iya samun bugun zuciya tun bai balaga ba. Da suka reni ƙwayoyin fatar irin waɗannan yara a ɗakin gwaji, sai suka gano cewa a jikin ƙwayar halittar mai lafiya akwai wani makarɓi da ke cafke LDL ya shigar da shi ciki, su kuwa yaran ba su da shi. Shi ya sa LDL ke taruwa a jininsu. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1985.

Amma ganowar ta zo da wani abin ɗaure kai. Makarɓin LDL yana da ƙa'ida: da zarar ƙwayar halitta ta ƙoshi da kolestarol, sai ta rage yawan makarɓan, ta daina ɗauka. To ta ina ƙwayoyin da ke cikin bangon jijiya mai cuta suke cika maƙil da kolestarol har su kumbura? Kuma yaran da ba su da makarɓin kwata-kwata su ne jijiyoyinsu suka fi cika da irin waɗannan ƙwayoyi. Dole akwai wata ƙofa ta daban.

Ƙwayoyin da ake magana a kansu na garkuwar jiki ne, sunansu makrofaj. Aikinsu haɗiye ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin jiki da duk wani tarkace. A 1979 Brown da Goldstein suka nuna cewa idan aka ba makrofaj lafiyayyen LDL ba ya damuwa da shi sosai, amma idan aka ɗan sauya LDL ɗin da wani sinadari, sai ya dinga haɗiya ba ƙaƙƙautawa. Makarɓin da yake amfani da shi a nan ba ya rufewa komai yawan abin da ya shiga. Suka sa masa suna makarɓin kwasar shara. Matsalar ita ce sauyin da suka yi wa LDL na ɗakin gwaji ne, ba a san shi a jikin mutum ba.

Daniel Steinberg da abokan aikinsa a San Diego ne suka cike giɓin. A 1981 suka bar LDL ya kwana tare da ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyar jini, washegari makrofaj ya dinga haɗiyarsa. A 1984 suka gano abin da ke faruwa: iskar oksijin ce ke lalata man da ke cikin LDL, irin lalacewar da ke samun man gyaɗa idan ya daɗe a buɗe har warinsa da ɗanɗanonsa suka sauya. Da suka zuba bitamin E a cikin gwajin, lalacewar ta tsaya. Daga nan aka shiga farautar makarɓan ɗaya bayan ɗaya. A 1990 ɗakin gwajin Monty Krieger na jami'ar MIT ta Amurka tare da Tatsuhiko Kodama suka gano ƙwayar gadon na farko, SR-A. A 1993 aka gane cewa wani furotin da aka daɗe da sani, CD36, shi ma yana karɓar gurɓataccen LDL. A 1997 masana a Japan suka ƙara da LOX-1.

Daga wannan aiki aka samu bayanin da har yau ake koyar da ɗaliban likitanci. Cutar a cikin bangon jijiya take, ƙarƙashin shimfiɗar da jini ke gudana a kanta. LDL kan ratsa shimfiɗar ya maƙale a bango, musamman a mararrabar jijiyoyi inda gudun jini ke hargitsewa. A nan yake gurɓata. Shimfiɗar sai ta aika da saƙon neman agaji, fararen ƙwayoyin jini su shigo su rikiɗe zuwa makrofaj, su yi ta haɗiya har cikinsu ya cika da ɗigon mai. A madubin likita kamar kumfa suke, shi ya sa ake ce musu ƙwayoyin kumfa. Da yawansu a nan suke mutuwa, su zubar da abin da suka haɗiya, ya zama wani ruɓaɓɓen ƙullutu. Ƙwayoyin tsokar jijiya su saƙa masa murfi, sinadarin kalsiyam ya zauna a ciki, jijiya ta yi tauri ta tsuke. Babban haɗarin shi ne ranar da murfin ya tsage ko ya zaizaye. Jini ya daskare a wurin cikin mintoci, hanya ta toshe. Idan a zuciya ne bugun zuciya, idan a hanyar ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki.

Duk wanda ya ji wannan bayani zai kai ga tunanin da masana suka kai: a hana LDL gurɓata, makrofaj ya rasa abin haɗiya. Hujjoji kuma suka yi ta zuwa. A 1987 rukunin masana biyu, ɗaya a San Diego ɗaya a Kyoto, suka ba zomaye masu cutar kolestarol ta gado maganin furobukol, wanda antioksidan ne mai ƙarfi, cutar jijiyarsu ta ragu ƙwarai. A 1989 aka tabbatar da samuwar gurɓataccen LDL a jijiyoyin mutane. A 1993 masana na Harvard suka buga bincike biyu, ɗaya kan ma'aikatan jinya mata sama da 87,000, ɗaya kan maza ma'aikatan lafiya kusan 40,000. Masu shan ƙwayar bitamin E sun fi sauran tsira daga ciwon zuciya da kimanin kashi 40 cikin 100. Kasuwar bitamin ta buɗe, har likitocin zuciya da kansu suka shiga sha.

Sai gwaje-gwajen ƙuri'a suka fara fitowa. A Finland, 1994, an gwada kan maza mashaya taba 29,133, masu shan beta-karotin suka fi samun kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka an tsayar da wani gwajin makamancinsa a 1996 tun wa'adinsa bai cika ba, saboda kansar huhu ta ƙaru da kashi 28. A 2000 gwajin HOPE da aka jagoranta daga Kanada kan mutum 9,541 ya nuna bitamin E bai kare zuciya ba, da aka ci gaba da bibiyarsu ma sai aka ga masu shansa sun ɗan fi samun gazawar zuciya. Na Oxford ya biyo baya. A 2011 wani gwajin ya nuna ƙarin kashi 17 na kansar furostet a mazan da suka sha bitamin E. An samu gwaji ɗaya a Cambridge a 1996 da ya nuna raguwar bugun zuciyar da ba ya kisa, amma mutuwa ba ta ragu ba, kuma manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su maimaita sakamakonsa ba.

Me ya faru? Bayanin binciken Harvard shi ne mafi sauƙi. Mutumin da ke sayen bitamin da kuɗinsa yana sha kullum, galibi shi ne mai motsa jiki, mai zuwa asibiti da wuri, wanda ba ya shan taba, mai rufin asiri. Masana sun yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan a lissafi, amma ba duka ake iya aunawa ba. Ƙuri'a kaɗai ke daidaita mutane a kan abin da aka sani da wanda ba a sani ba.

Na ɗakin gwaji ya fi zurfi. A cikin kwalba, masu bincike sukan gurɓata LDL ne da sinadarin tagulla, kuma bitamin E na hana irin wannan. A bangon jijiya kuwa ƙwayoyin garkuwa suna da nasu makaman. Ɗaya daga ciki wani inzayim ne mai suna mayeloferoksides, wanda aka same shi a ƙullutun jijiyar mutane a 1994. Yana haɗa sinadarin nan da ke cikin ruwan bilic domin kashe ƙwayoyin cuta, kuma bitamin E ba ya tare irin ɓarnar da yake yi wa furotin ɗin LDL. Wannan ya tuna mana abin da masu talla ba sa faɗi: jiki da gangan yake haɗa waɗannan sinadarai masu ƙuna, da su yake yaƙar cuta, da su ƙwayoyinsa ke aika wa juna saƙo. Ba dukkansu ne abin kawarwa ba.

Akwai kuma batun lokaci, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi. Zomaye da ɓeraye tun suna ƙanana ake ba su maganin, kafin cutar ta kafu. Mutanen da aka gwada kuwa yawancinsu sun haura hamsin da sittin, jijiyoyinsu sun daɗe da lalacewa. Cutar tun ƙuruciya take farawa. A 1953 likitocin sojan Amurka da suka binciki gawar sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 22 ne, sun ga alamunta a jijiyoyin zuciyar kashi 77 cikin 100. Magoya bayan Steinberg sun kafa hujja da wannan, suka ce ba a gwada maganin da ya dace ba, a lokacin da ya dace, kan mutanen da suka dace. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya. Sai dai an haɗa wani magani ɗan'uwan furobukol, aka gwada shi kan mutum sama da 6,000, sakamakon ya fito a 2008, shi ma bai cimma abin da aka sa a gaba ba. Kuma simbastatin ai kan irin waɗannan tsofaffin aka gwada shi, ya yi aiki.

Su kansu makarɓan sun ƙi bin labarin yadda aka tsara shi. Da aka samu fasahar cire ƙwayar gado guda daga jikin ɓera, masana a Tokyo suka cire SR-A a 1997, cutar ta ragu. A New York aka cire CD36 a 2000, ta ragu sosai. Amma a 2005 Kathryn Moore da Mason Freeman a Boston suka maimaita aikin, faɗin cutar bai ragu ba. Da suka cire makarɓan biyu tare, ƙwayoyin kumfa suka ci gaba da samuwa, sai dai ruɓewar cikin ƙullutun da kumburinsa ne suka ragu. Ashe makrofaj na da wasu hanyoyin. Yana kurɓar ruwan da ke kewaye da shi tare da lafiyayyen LDL ɗin da ke ciki, yana kuma haɗiye LDL da ya dunƙule wuri guda. A 2014 masana a Vancouver suka nuna cewa aƙalla rabin ƙwayoyin kumfar da ke jijiyoyin zuciyar mutane daga ƙwayoyin tsokar jijiya suka fito, ba daga makrofaj ba.

CD36 ɗin nan mu ma ya shafe mu ta wata fuskar. Shi ne ɗaya daga wuraren da jajayen ƙwayoyin jinin da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta shiga suke maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, kuma a Afirka ta Yamma akwai mutane da yawa da ke ɗauke da nakasasshiyar ƙwayar gadonsa. Makarɓi guda na hulɗa da maleriya, da shigar mai cikin tsokar zuciya, da kwashe matattun ƙwayoyi. Wanda zai haɗa maganin toshe shi dole ya yi taka-tsantsan.

Duk da haka ban yarda da masu cewa aikin Steinberg ya tafi a banza ba. Shi ya jawo hankalin duniya ga cewa taurin jijiya rikici ne tsakanin maiƙo da garkuwar jiki. A 2010 aka nuna cewa kolestarol kan daskare ya zama ƙananan ƙanƙara a cikin makrofaj, waɗanda ke tayar da wani tsarin gargaɗi da ke sakin sinadarin kumburi mai suna IL-1 beta. Daga baya ɗakin gwajin Moore ya nuna CD36 na da hannu a samuwar ƙanƙarar. A 2017 Paul Ridker na Boston ya fitar da sakamakon gwaji kan mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya. An yi musu allurar da ke toshe IL-1 beta kaɗai, ba ta taɓa kolestarol ko kaɗan, kuma haɗarin ya ragu da kimanin kashi 15 cikin 100. Illar da ta biyo baya ita ce ƙaruwar mutuwa daga cututtukan da ƙwayoyin cuta ke jawowa, tunda an rage wa garkuwa ƙarfi. Tsohon maganin ciwon gaɓɓai mai araha, kolcisin, ya nuna amfani a gwaje-gwajen 2019 da 2020, amma wani babban gwajin a 2024 bai ga amfaninsa ba.

Abin da bai taɓa girgiza ba a duk tsawon wannan muhawara shi ne yawan LDL ɗin kansa. Ko gurɓata yake yi, ko dunƙulewa, ko kurɓarsa ake yi, sai ya shiga bango ya maƙale tukuna, kuma gwargwadon yawansa a jini gwargwadon wanda zai shiga. Da aka haɗa sakamakon manyan gwaje-gwajen satatin, wato dangin magungunan rage kolestarol da simbastatin ke cikinsu, an ga duk ragin milimol ɗaya (ma'aunin da ake auna shi da shi) na LDL a litar jini na rage manyan cututtukan jijiya da kimanin kashi 22 cikin 100. Hujjar da ta fi burge ni daga jinin baƙar fata ta fito. A 2006 Helen Hobbs da Jonathan Cohen na Dallas suka duba baƙaƙen fatar Amurka 3,363 da aka bibiya shekara 15. Kashi 2.6 cikin 100 nasu an haife su da wata ƙwayar gado mai suna PCSK9 da ba ta aiki sosai, abin da ke sa hantarsu ta fi kwashe LDL daga jini. LDL ɗinsu ƙasa yake da na sauran da kashi 28 kawai, amma ciwon jijiyar zuciya ya ragu musu da kashi 88. Ragi kaɗan tun daga haihuwa ya fi ragi mai yawa a tsufa. A kan wannan ilimi aka haɗa alluran toshe PCSK9 da ake amfani da su yanzu.

Na damu da wannan tarihi ne saboda zancen da manyan gwaje-gwaje suka rushe sama da shekara ashirin da suka wuce yana nan da ransa a kasuwanninmu da wayoyinmu. Ana sayar wa mutane kwalaben ƙarin sinadarai masu tsada da sunan wanke jijiya da narkar da kitsen jini. Mai hawan jini ya ajiye maganin asibiti na kuɗi kaɗan ya koma kansu, iyalinsa na ganin an samu na zamani. Babu wani ƙarin sinadarin antioksidan da babban gwaji ya tabbatar yana hana bugun zuciya. Kada a ɗauka wannan suka ce ga zogale ko rama ko alayyafo. Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ke cikinsa, ya kwatanta majinyata 2,118 da takwarorinsu masu lafiya, aka buga sakamakon a 2018. Hawan jini ne ya zo kan gaba da tazara mai nisa, rikicewar maiƙon jini da ciwon suga na cikin manyan dalilai, haka ma ƙarancin cin ganye. Ganye a miya na zuwa da ɗaruruwan sinadarai da ɓawo da fotasiyam, yana kuma maye gurbin wani abin da da an ci. Ƙwayar da aka tace sinadari guda aka ninka shi sau goma wani abu ne daban. Manja ma yana da karotin da dangin bitamin E, amma kusan rabinsa mai ne mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga LDL, don haka jan launinsa ba izinin yawaita shi ba ne. Satatin kuwa yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, likita ne ke rubuta shi bayan gwajin jini, kuma mai juna biyu sai ta sanar da likitanta.

Inda tsohon zancen gurɓacewa ya sake ɗagowa da ƙarfi shi ne kan wani ɗan'uwan LDL mai suna Lp(a), wanda Kåre Berg ya gano a Norway a 1963. Joseph Witztum da Sotirios Tsimikas na San Diego, magadan aikin Steinberg, sun nuna cewa shi ne babban mai ɗaukar gurɓataccen mai a cikin jini. A 2018 rukunin Witztum ya samar da ɓerayen da jikinsu ke haɗa wani furotin ɗin garkuwa mai rufe wannan gurɓataccen mai kai tsaye, cutar jijiyarsu ta ragu. Wannan dabara ta sha bamban da watsa bitamin a jiki ana fatan ya dace. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar a duniya na da Lp(a) mai yawa, kuma a matsakaicin lissafi ya fi yawa a jinin 'yan asalin Afirka. Gado ne ke yanke yawansa, abinci da motsa jiki ba sa sauya shi sosai, satatin ma ba ya rage shi. An haɗa sababbin allurai da ke hana hanta yin sa, an kuma ɗauki mutum sama da 8,000 a gwajin ƙuri'a na ɗaya daga cikinsu. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai sun ba da shawara tun 2019 cewa kowane baligi ya auna shi sau ɗaya a rayuwa, musamman wanda a danginsa aka samu bugun zuciya ko shanyewar jiki da ƙananan shekaru. Wanda aka samu nasa ya yi yawa, likita kan ƙara matsa wa LDL ɗinsa da hawan jininsa da sugansa, ya kuma raba shi da taba.